Ra'ayin jarida: Lambar talhon ɗan kasuwar Gaya da aljihun mai kira

Duk wanda ya bi babban titin Gaya, daga tasha zuwa hanyar gada, ya ɗaga kai ya dubi allunan da ke saman kantuna da mangazu, zai lura da abin da ba kasafai ake gani ba a Dosso ko a Yamai. Allo ɗaya ne, suna ɗaya ne, amma lambobin talho uku, wani sa'in har huɗu: wannan mai alƙaluma 8 ta Nijar, waccan mai 10 ta Benin, ta ƙarshe mai 11 ta Najeriya. Baƙo na iya zaton alfahari ne, ko kuwa mai kantin yana son a san ya tara wayoyi a aljihun riga. Lamarin ya wuce nan. Lissafi ne na mutanen da suka gane, tun kafin mahukunta su gane, cewa lambar da aka rubuta a allo ita ke yanke hukuncin nawa mai saye zai kashe kafin ya ji muryar mai sayarwa, kuma mai sayen da ya ga kiran zai cinye masa kati ba ya yin gardama, sai dai ya nemi wani kantin.

Tushen maganar ƙa'ida ɗaya ce da kamfanonin sadarwa na wannan yanki suke aiki da ita: wanda ya buga shi ke biya. Mai amsa kira a cikin ƙasarsa ba a cire masa ko dala. Ke nan ɗan kasuwa, a lokacin da yake zaɓen layin da zai ɗora kasuwancinsa a kai, ba kuɗinsa yake kashewa ba, kuɗin abokan cinikinsa yake kashewa, su kuwa ba a shawarce su ba. Idan kira ya tashi daga wani kamfani ya faɗa a wani, kamfanin farko yakan biya na biyu ladar isar da shi, kuma wannan ladar a kan mai kira take ƙarewa. Shi ya sa shekara da shekaru kira a cikin gida ɗaya ya fi kiran maƙwabcin kamfani rahusa. Ko a inda hukuma ta matse bambancin farashin minti, bambancin yakan sake ɓullowa ta bayan gida, wato ta garaɓasa: mintocin kyauta da ake zuba wa mai layi idan ya sa kati sau da yawa ba sa aiki sai tsakanin layukan kamfanin da ya ba da su. Idan kuwa kiran ya tsallaka iyakar ƙasa, to an shiga wani farashi dabam, domin ya zama kiran ƙasar waje, ko da mutanen biyu suna hangen juna daga gaɓar kogi zuwa gaɓar kogi.

A nan Gaya ta bambanta da sauran garuruwa. Malanbil na tsallaken kogin Kwara, tazarar da ba ta kai kilomita 10 ba. Kamba, a jihar Kebbi, tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba a mota. Dosso kuwa, hedikwatar jihar, tana da nisan wajen kilomita 150, Yamai kusan ninkin haka. Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulanin garuruwan nan uku dangin juna ne, kasuwanninsu na ci da juna, amma a idon na'urar lissafin kamfani, wanda ya kira Agadas daga Gaya ya yi kiran gida, wanda ya kira ƙanwarsa a Malanbil ya kira ƙasar waje. Abin da ya ƙara wa Borno dawaki shi ne yadda kamfanonin suka raba ƙasashen uku a tsakaninsu. Airtel na Nijar da Najeriya, ba shi a Benin. Moov Africa na Nijar da Benin, ba shi a Najeriya. MTN na Benin da Najeriya, ba shi a Nijar. Kowane ɓangare biyu suna da kamfanin da ya haɗa su, amma babu ko ɗaya da ya haɗa ukun, kuma suna ɗaya a kan kati bai mai da kiran ƙasar waje kiran gida ba, sai fa idan kamfanin ya ga dama ya fito da wani tsari na musamman, wanda yake iya janyewa ranar da ya so.

Akwai kuma asarar da mazaunin iyaka kaɗai ya san zafinta. Igiyar sadarwa ba ta tsayawa a shingen duwan. Salular da ke aljihun mutum a bakin kogi na iya sakin turken kamfaninta ta kama na maƙwabta ba tare da mai ita ya sani ba, daga nan layinsa ya zama baƙo a ƙasar da bai taka ba. Baƙuncin layi, abin da ake kira romin, yana juya ƙa'idar da aka ambata a sama: ba mai kira kaɗai ke biya ba, shi ma mai amsawa ana iya yankar nasa kason. Da yawa sun wayi gari katinsu ya ƙare, suka ɗora wa yaran gida laifi, alhali kuwa yaran ba su taɓa wayar ba.

Idan ba a manta ba, ba haka aka faro ba. A zamanin Taron Ƙasa na 1991, talho kayan ofis ne da na ƴan tsirarun attajirai. Mai son magana da Kwatano sai ya je gidan waya ya yi layi, daga baya ya je ɗakunan kira na ƴan kasuwa, ya biya kuɗin kowane minti a hannu. An kafa Sonitel a 1997. Celtel ya fara aikin salula a 2001, Sahelcom da Telecel suka biyo baya, Orange ya shigo a 2008. A 2006 lambobin Nijar suka tashi daga alƙaluma 6 zuwa 8. Sunaye sun yi ta sauyawa kamar riga: Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, Telecel ya zama Moov, Sonitel da Sahelcom suka haɗe suka zama Niger Telecoms a 2016, aka sayar da Orange Nijar a 2019, ya zama Zamani. Amfanin da wannan sauyi ya kawo wa fatauci ba abin musu ba ne. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta Amurka ta yi a kasuwannin hatsin Nijar, kan shekarun 2001 zuwa 2006, ya nuna cewa shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda fatake sun daina hawa mota don kawai su je su tambayi kuɗin buhun gero. Darasin binciken a fili yake: idan jin labari ya yi araha, kasuwa na daidaita, mai saye da mai noma duk su amfana. Duk abin da ya tsadar da kira, ciniki ya tsadar.

Ya dace a tuna da wani abu da kamfani ya taɓa yi ba tare da wata gwamnati ta tilasta masa ba. A watan Satumba na 2006 Celtel ya soke kuɗin baƙuncin layi tsakanin Kenya da Tanzaniya da Uganda, a tsarin da ya kira One Network, kuma a ƙarshen 2007 ya faɗaɗa shi har Nijar da Najeriya da Burkina Faso da Cadi. Mutumin Gaya ya shiga Kamba da layinsa, ya amsa kira ba a cire masa komai ba. Benin ba ta shiga ba, don kamfanin ba shi da reshe a can. Wannan tarihi ya isa ya rufe bakin mai cewa fasaha ce ta hana. Tun kusan shekara 20 da suka wuce aka nuna abu ne mai yiwuwa.

Me ya sa maganar ta fi nauyi a wannan lokaci? Saboda abin da ya sami Gaya. Garin ya yi ƙiba ne da gada: kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwan Kwatano, gwanjo da atamfa da shinkafa da motoci, ta nan suke shiga Nijar, kaso mai yawa kuma ta nan yake sake fita zuwa Najeriya. Gayawa sun saba da rufe iyaka. Sun ga na 1984 zuwa 1986, sun ga na watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, duka daga ɓangaren Najeriya. Amma na bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 ya sha bamban, domin ƙofofin biyu aka toshe lokaci guda bayan takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, Benin ta buɗe nata gefen, amma Yamai ta bar gadar a rufe bisa dalilan tsaro da ta bayyana, har shekarar 2025 ta shigo ta tarar da ita haka. Manyan motoci suka koma hanyar Lome da Burkina, ƙananan kaya da fasinja suka koma kwale-kwale. A irin wannan hali, mai sayen da a da yake zuwa da ƙafarsa ya taɓa kaya ya yi tayi, ya koma saye da kunne. Direba na kira, mai jirgi na kira, mai fid da kaya a duwan na kira, dillali a Birnin Kebbi na kira. Rumfa ta koma cikin waya, lambar talho ta zama ƙofar rumfar. Ƙofar da sai an biya kuɗi masu yawa kafin a ƙwanƙwasa ta, kaɗan ne za su ƙwanƙwasa.

Saboda haka zaɓen lamba ba aikin da za a bar wa yaron kanti ba ne, ko a yi shi don alƙaluman sun jeru da kyau. An ga masu biyan kuɗi mai tsoka don su sami lamba mai sifili huɗu a jere, ba su tsaya sun tambayi kansu ko a wane kamfani abokan cinikinsu suke ba. Hanyar sani ba ta da wuya, kuma ba ta buƙatar masani daga Yamai. Mai kanti ya buɗe jerin kiran da ya shigo masa na mako biyu, ya dubi farkon lambobin. A Nijar alƙaluma biyun farko suna faɗin gida: 96 da 97 na Airtel ne, 90 da 91 na Zamani, 94 da 95 na Moov, 93 na Niger Telecoms, 20 kuwa talhon girke. Inda masu kiransa suka fi yawa, can ya kamata babbar lambarsa ta kasance, ita za a rubuta a sama da manyan baƙaƙe, sauran su biyo a ƙasa, kowace da sunan kamfaninta a gefe, domin kada mai kira ya yi caca da katinsa. A Najeriya farkon lamba bai zama hujja ba tun daga watan Afrilu na 2013, lokacin da aka ba mai layi damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa. 0803 da aka sani da MTN, ko 0802 na Airtel, ko 0805 na Glo, na iya kasancewa sun yi ƙaura. A can sai an tambayi mutum da baki.

Wanda rabin cinikinsa da mutanen Kamba ko na Malanbil ne, ba shi da makawa sai ya riƙe layin ƙasarsu. Babu adalci ya ce wa mai saye da naira ya bugo masa a lambar Nijar, musamman bayan faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023, da ƙarin farashin kira na har kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta amince da shi a watan Janairu na 2025. Sai dai riƙon layin baƙuwar ƙasa na da nasa sharuɗɗan. A Najeriya, tun daga Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa, kuma an rufe waɗanda ba a haɗa ba. Nijar ma ta katse layukan da ba su da rajista a 2013. Layin da aka saya da sunan wani, a bakin hanya, gida ne da aka gina a filin aro. Haka nan layin da aka jefa a aljihu watanni ba a taɓa shi ba, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, sai a wayi gari abokan cinikin shekara goma suna gaisawa da baƙon da bai san su ba.

Wannan batu na suna ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne asara ta fi yawa, kuma nan ne aka fi sakaci. Alhaji ya aiki yaronsa ya sayo layin kanti, yaron ya miƙa nasa katin shaida don shi ke tsaye a wurin, aka rubuta layin da sunansa. Shekara biyar lambar na kan allo, tana kan rasit, tana kan ƙyauren mota. Ran da suka ɓata, ko ran da yaron ya ga ya isa ya buɗe tasa rumfar, a gaban doka lambar tasa ce, masu kira kuma ba su san an rabu ba. Ba kira kaɗai ke bin lamba ba a yanzu: asusun Airtel Money ko Moov Money ko MoMo na MTN a jikinta yake, saƙon shaidar turo kuɗi daga gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza a kanta yake sauka, WhatsApp ma a kanta aka ɗaure shi. Wanda ya riƙe lamba ya riƙe littafin bashi da na ciniki gaba ɗaya. Layin kasuwanci a rubuta shi da sunan mai kasuwancin, ko da sunan kamfaninsa in yana da rajista, takardar kuma a ajiye ta tare da takardar fili.

Sai yadda ake rubuta lambar. Nijar na da 227, Benin 229, Najeriya 234. Mai kiran Najeriya daga waje yana jefar da sifilin farko bayan 234. Benin kuwa, da ta ƙara 01 a gaban lambobinta ranar 30 ga Nuwamba na 2024 suka zama alƙaluma 10, sifilinta ba ya faɗuwa: 229, sannan 01, sannan tsohuwar lambar. Duk allo da duk hatimin da ke ɗauke da lambar Benin mai alƙaluma 8 yana aika mai kira ne inda ba kowa. Kuɗin fenti bai kai kuɗin ciniki ɗaya da ya kuɓuce ba.

Wani zai ce WhatsApp ya kashe wannan magana, tunda kira ta intanet bai san iyaka ba. Gaskiya ne ya rage nauyi ƙwarai, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba. Amma yana buƙatar babbar waya da kuɗin intanet da caji, abubuwa uku da mai noman rake ko albasa a ƙauyukan Dendi ba kullum yake haɗa su ba. Kuma intanet abu ne da gwamnati ke iya kashewa da umarni ɗaya. An katse shi a wayoyin Nijar kimanin kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu na 2021. Najeriya ta rufe sadarwa ɗungurungum a Zamfara a watan Satumba na shekarar. Benin ta gwada ɗora haraji a kan kafafen sada zumunta a 2018, jama'a suka tayar, ta janye. Ɗan kasuwar da ya zuba ƙwansa duka a wannan kwando zai ji jiki ran da aka ɗauke shi. Tsohuwar dabara na nan da amfaninta: a rubuta a allo cewa mai buƙata ya yi bip, kanti zai kira shi. Ita ce koriyar lambar talaka. Mai kanti ya ɗauke wa mai saye kuɗin kira, ya lissafa shi cikin kuɗin gudanar da rumfa kamar haya da lantarki, kuma shi da ke sayen mintoci da yawa a dunƙule ya fi samun rahusa a kan wanda ke sa katin dala ashirin.

Abin da aka faɗa wa ƴan kasuwa ya fi hawa kan ma'aikatun gwamnati, kuma a nan ya kamata ma'aikata su saurara. Ɗan kasuwar da ya sa lamba mai tsada, kasuwa za ta hora shi, masu saye su gudu. Ofishin lanho da na duwan da ma'aikatar magajin gari da asibiti ba su da kishiya. Talaka ba shi da wata ƙofa da zai koma. Sanin kowa ne cewa a takardun ma'aikatu da dama na ƙasar nan lambar girke ce ke rubuce, alhali jama'ar da ake yi wa aiki salula ce a hannunsu, kuma sau da yawa talhon na kan teburin da babu kowa. Abin da ke biyo baya shi ne kowa ya nemi lambar aljihun ma'aikaci. Daga nan aikin hukuma ya zama alfarma: wanda ya san lambar ya sami labarin takardarsa, wanda bai sani ba ya hau kabu-kabu ya je ya zauna a benci. Shi kansa ma'aikacin bai tsira ba, yana amsa kiran aiki da tsakar dare, yana mayar da kira da katin da ya saya daga albashinsa, ran da aka yi masa sauyin wurin aiki kuma lambar ofis ta bi shi Tawa ko Difa. Ba a faɗin inda hanyar cin hanci ke farawa, amma wannan na cikin mashigarta. Lambobin gaggawa, 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana, shaida ne cewa ƙasa ta san yadda ake yin lambar da kowane layi ke kira kyauta. Abin da ya rage shi ne kowace ma'aikata mai hulɗa da jama'a ta sami layin salula na ofis, da sunan ofis, wanda ake miƙa wa magaji tare da makulli da hatimi.

Ƙasashen da ake yawan kwaikwayo sun bi ta wannan turba, ba kuma da son ran kamfanoni ba. A Ingila, lambobin 0800 da ake kira na kyauta sun daɗe suna cin kuɗin mai salula, sai ranar 1 ga Yuli na 2015 aka tilasta su zama kyauta ga kowa. Faransa ta yi haka ga korayen lambobinta a watan Oktoba na shekarar, kuma daga farkon 2021 ta hana ma'aikatun gwamnati amfani da lambobi masu ƙarin kuɗi. Tarayyar Turai ta soke kuɗin baƙuncin layi tsakanin ƙasashenta ranar 15 ga Yuni na 2017. Ba sai an je nesa ba ma: a 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya fi ƙarfin kasuwar kira a Najeriya, ta umarce shi ya daidaita farashin kiran cikin gidansa da na sauran kamfanoni.

Abin tambaya a nan shi ne, ina matsayin mahukuntan Nijar? Shekaru da dama baitulmali ya ɗauki kiran da ke shigowa daga waje a matsayin saniyar tatsa, ta hanyar harajin da ake kira TATTIE. An soke shi a dokar kasafin kuɗin 2018, wadda ƙungiyoyin farar hula suka yi wa zanga-zanga har aka tsare shugabanninsu a watan Maris na shekarar, suna zargin an yafe wa kamfanoni an ƙuntata wa talaka. Aka dawo da shi a kasafin 2019. A duk muhawarar, ɓangarorin biyu sun yi magana kamar kiran ƙasar waje na attajirin Faris ne. Ba a ji wanda ya tuna cewa a Gaya da Ƙonni da Dan Isa, mai bugowa daga waje ɗan Kamba ne ko ɗan Illela ko ɗan Jibiya da ke tambayar kuɗin buhun wake, kuma duk harajin da aka ɗora wa mintinsa yana rage yawan mintocin da zai yi da ɗan kasuwar Nijar.

Maganar baƙuncin layi kuwa ta fi ban takaici. CEDEAO ta zartar da ƙa'idar sassauta shi a watan Disamba na 2017, aka bar ta a takarda shekaru, sai ƙasashe suka koma yin yarjejeniya biyu-biyu: Ghana da Kodebuwa a 2023, Benin da Togo daga farkon 2024. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu na 2025. Kafin nan, a watan Nuwamba na 2024, hukumomin sadarwar Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan soke kuɗin baƙunci tsakanin ƙasashen AES. Mataki ne mai kyau, ba wanda zai ƙi shi. Amma taswira ba ta sauya ba don an sauya ƙungiya. Bamako na nesa da Gaya da fiye da kilomita 1000. Malanbil ana jin kiran sallarta. Yarjejeniyar talho ba yarjejeniyar tsaro ba ce, ba ta buɗe gada, ba ta shigo da soja, kuma misalin Benin da Togo ya nuna cewa hukumomin sadarwa biyu na iya ƙulla ta tsakaninsu. Nijar da Benin sun taɓa kai rikicin tsibirin Lete gaban kotun duniya, suka karɓi hukuncin 12 ga Yuli na 2005 ba tare da an harba harsashi ba. Farashin minti bai kai tsibiri wuya ba.

Hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a 2018, ita doka ta ɗora wa kare mai amfani da layi, kuma akwai abubuwan da ke hannunta waɗanda ba sa jiran sulhun shugabanni. Ta wajabta wa kamfanoni su bayyana farashin kira zuwa kowane kamfani da kowace maƙwabciyar ƙasa a takarda guda, da Hausa da Zarma da Dendi, a manna a wuraren sayar da kati, a kuma karanta a gidajen rediyon jama'a. Ta wajabta saƙon gargaɗi a duk lokacin da salula ta kama turken wata ƙasa, kafin a fara cire kuɗi. Ta zauna da takwarorinta na Kwatano da Abuja kan ƙarfin turakun da ke bakin iyaka, wanda aikin injiniyoyi ne ba na ƴan siyasa ba. Ta kuma tabbatar wa mai layi haƙƙin sauya kamfani da lambarsa a hannu, kamar yadda Ghana ta yi a 2011, Najeriya a 2013, Senegal a 2015, domin muddin sauya kamfani na nufin asarar lamba, ɗan kasuwar da ya shekara goma yana raba ta ba zai motsa ba ko an tsawwala masa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar Gaya da majalisar ƴan kasuwa reshen Dosso su ne ya kamata su rubuta waɗannan buƙatu huɗu, su sa hannu, su kai su ofishin hukumar a Yamai, su kuma nemi a ba su amsa a rubuce da kwanan wata.